Taka, Riƙe, Saki

Tudun Wada, Jos

Ɗana Davou,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kai ka Akwanga lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin sabon aikin nan. Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, a firamare na tsaya. Amma duk lokacin da na buɗe baki a kan motar babanka sai mu yi faɗa, ni in yi kuka, kai ka fita. Na gaji da hakan. Shi ya sa na rubuta na ajiye maka a kan kujerar direba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka sa makulli.

Kaza ce ta sanar da ni babanka ya mutu. Ban taɓa gaya maka ba, ka dai ji cewa an same shi a ƙarƙashin mota. Ranar Asabar ce, ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan fito. Na sauke gwate na fito tsakar gida ina kiransa. Yana kwance a kan kwalinsa kamar kullum, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na tsaya a kansu ina faɗa, ina cewa abinci zai huce, ina cewa mutum da girmansa ya mai da kansa ɗan gareji. Sai baƙar kazar nan ta zo ta hau ƙafarsa, ta fara tsattsagar babban yatsansa. Ka san babanka, ko ƙuda ya sauka masa a ƙafa sai ya shura. Bai motsa ba. Bakina bai ma daina faɗan ba, amma cikina ya riga ya sani. Motar ba ta faɗa masa ba, tana nan daram a kan duwatsun da ya ɗora ta. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Da maƙwabta suka jawo shi, sifana na hannunsa.

Abin da ke damuna har yau shi ne na saba magana da ƙafafunsa. Shekara da shekaru, duk Asabar, haka muke hira, ni a tsaye shi a kwance. Na san tsagar dunduniyarsa fiye da yadda na san fuskarsa a kwanakin ƙarshe. Da safiyar ranar ya ce mini kafaɗarsa na ciwo, daga ƙarƙashin mota ya faɗa, ni kuma daga sama na ce ai dole, ƙarfe ba katifa ba ne. Da na durƙusa na leƙa, wataƙila da na ga abin da ke fuskarsa. Wataƙila kuma da ban ga komai ba, Allah kaɗai ya sani. Amma kai, in kana zaune da mutum, ko matar da za ka aura ce, ko abokin ɗaki, in ya ce maka wani wuri na masa ciwo, ka ajiye abin da ke hannunka ka dubi idonsa. Durƙusawa ba ta da wuya. Ni ƙyuya ce ta hana ni, da kuma sabo.

Yanzu maganar motar. Kana ƙarami ya sayo ta a hannun wani tsoho da ya yi aiki da kamfanin kuza. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ba ta ɗaukar buhun dankali, ba ta ɗaukar iyali zuwa coci. Cikinta kusan yana taɓa ƙasa. Yaran unguwa suka sa mata suna Ƙadangaruwa, wai kullum tana kwance tana shan rana ba ta zuwa ko'ina. Ni na fi kowa kiranta da sunan. Amma na san cikinta, domin ni ce mai riƙe masa tocila da miƙo masa kaya, ko ina so ko ba na so.

Aikin da yake yi na ƙarshe shi ne sauya wa bututun birki hanya. Siraran bututu ne da man birki ke bi daga gaba zuwa kowace taya. Tsofaffin suna bi ta tsakiyar cikin motar, inda duwatsun layinmu ke gurzar su, na hagu kuma yana dab da salansa, yana shan zafi. Yakan ce, “Baturen da ya ƙera ta bai taɓa ganin hanyar Tudun Wada ba.” Sai ya sayo sabon bututu na jan ƙarfe a shagon Oga Emeka, mai sayar da kayan mota a ƙasan gangaren layinmu, ya ce zai bi da shi ta gefe, can sama, inda dutse ba ya kaiwa. A jikin kwalba yake lanƙwasa shi a hankali don kada ya karye, ya gwada, ya fito, ya ƙara lanƙwasawa. Kowane taƙi sai ya kama shi da ɗan maƙali ya ɗaure, don kada ya riƙa rawa yana gogar ƙarfe har ya huje. Na ga ya gama na gaba duka biyu. Na ga ya gama na baya na dama.

In an sa sabon bututu, iska ce cike a ciki, kuma dole a fitar da ita. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Ɗaya na zama a kujera yana taka birki, ɗaya na ƙasa wurin taya yana buɗe ɗan noti. Ni ce mai zama a kujera. Sai ya ce, “Taka.” In yi ta takawa. Ya ce, “Riƙe.” In danne ƙafata. Ya buɗe notin, mai ya fito da kumfa, birkin ya tafi ƙasa, ya rufe, sannan ya ce, “Saki.” In ka saki kafin ya rufe, iska ta koma, an dawo farko. Haka za a yi ta yi, taya bayan taya, har mai ya fito babu kumfa. Daga nan sai ya tambaya, “Maman Davou, ya kama?”

Akwai wata shekara, kana makarantar kwana, da muka yi wannan aikin ranar da muke da taron zumuntar mata. Na riga na ɗaura zanen zumunta, ina jin matan layi suna wucewa suna kirana ta katanga. Ya ce, “Ya kama?” Birkin kuwa laushi yake a ƙarƙashin ƙafata kamar nunanniyar fiya. Na ce, “Ya kama.” Ya ce, “Kin tabbata?” Na ce, “Ƙafarka ce ko tawa?” Ya yi dariya ya ce ƙafata ta fi ta direban tirela, in tafi Allah ya ba da sa’a.

Ina dawowa na tarar da taro a ƙasan gangare. Ƙadangaruwa ta sa hanci cikin katangar kwanon Oga Emeka, bencinsa ya karye biyu, babanka na zaune a gefen kwata goshinsa na jini. Oga Emeka na ganina ya ɗaga hannu sama ya ce, “Madam, zo ka gani. Mijinka ya kawo mini mota har cikin shago, ni ban yi oda ba. Wannan mota ba shi da birki, addu’a ne kawai yana riƙe shi.” Mutane suka yi ta dariya, har da babanka. Ya ce wa Oga Emeka kuskurensa ne, bai gwada ba kafin ya fita. Bai dube ni ba a wurin. Da muka shigo gida ina wanke masa goshi, abin da ya ce kawai, “Gobe in kin gaji, ki ce kin gaji. Kada ki ce ya kama.” Da yaro ne ke wasa a bakin shagon nan ranar, da yanzu wani labari ake yi.

Ka riƙe wannan a wurin aikinka. Za a tambaye ka ko abu ya yi, kana jin yunwa, ko mota na jiranka, ko kana kunyar oga. Ka ce ban gama ba. Ka ce ban sani ba. Za a ɗan ɓata rai, ya wuce. Wanda ya tambaye ka yana ƙasa ne, ba ya ganin abin da ƙafarka ke ji, da maganarka zai fita hanya.

To, ga abin da ya faru da kai, kuma ina so ka fahimce shi sosai. Da babanka ya rasu kana can wurin hidimar ƙasa. Kafin ka iso, gida ya cika da masu gaisuwa, babu wurin kafa rumfa. Kawunanka suka ce a matsar da motar. Ni na ce su yi. Suka mayar da tayoyin, suka sauke ta daga kan duwatsu, suka tura ta jikin katanga. Babanka ya jera notuna da maƙalai a kan tsohon farantina, kowanne a inda ya san shi, ni kuma na share su duka na juye cikin gwangwanin madara, domin ba na son ganinsu. Har na sa aka wanke motar, kada mutane su ce gidan marigayi da ƙazanta. Kai kuma ka shigo ka tarar da ita tsaye a kan taya huɗu tana ƙyalli.

Ranar jana’iza fasto ya yi ta maimaita cewa bawan Allah ya gama aikinsa, ya gama tserensa. Duk wanda ya riƙe hannuna abin da yake faɗa ke nan, “Ki yi haƙuri, Baba ya gama aikinsa.” Maganar ta cika mini kai. Da yamma, bayan an watse, ka zo ka zauna kusa da ni a bakin ƙofa, ka ce, “Mama, Baba ya gama aikin?” Na ce, “Ya gama, ɗana. Ya gama.” Wallahi ban san mota kake nufi ba. Ni hankalina na can wurin kabari, kai kana kallon Ƙadangaruwa. Ashe a waya ya gaya maka yana aikin birki, ya ce in ka dawo za ku fita da ita tare. Sai da na ji ka tayar da injin makonni bayan haka, na fito da gudu, ka ce mini ai ni na ce ya gama, sannan na gane abin da na amsa.

Bai gama ba, Davou. Ga maganar ƙarshe da ya yi mini a duniya. Wajen azahar ya kira ni ya ce, “Maman Davou, saura na baya na hagu, sai ki zo ki taka mini.” Na ce, “Bari in sauke tukunya.” Ban taka ba. Babu wanda ya taka. Babu wanda ya ce riƙe, babu wanda ya ce saki.

Kuskurena a nan biyu ne. Na gyara wa mutane ido, na mai da abin da ke rabi kamar kammalalle. Da na bar ta a kan duwatsunta ba taya, da kai da kanka ka ga gaskiya ba sai an gaya maka ba. In ka bar aiki rabi, ka bar shi yadda kowa zai ga rabi ne, ko da muni. Na biyu, na amsa tambaya ban tambayi me ake nufi ba. Mai baƙin ciki kunnensa ba daidai yake ba. In ka tambayi wanda aka yi wa rasuwa abu mai muhimmanci, ka bari a kwana biyu ka sake tambaya.

Na san abin da za ka ce, domin ka riga ka faɗa. Ka ce ka zaga da ita tsakar gida, ka taka, ta tsaya. Ka ce, “Mama, tsoro ne kawai. Tun ina yaro ba ki taɓa son motar nan ba.” Maganar ta yi mini zafi, amma ba ƙarya ka yi ba, kuma wannan shi ne babban abin da na ɓata da hannuna. Kullum ina cewa motar nan za ta kashe wani. In fenti ya saya, in ce za ta kashe wani. In ya wanke ta, in ce za ta kashe wani. Ka tashi kana jin wannan kamar kukan zakara, har ya daina shiga kunnenka. Babanka ma haka, sai dai ya ci gaba da rera waƙar cocinsa a ƙasa. Yau ga shi ina da maganar gaske a kanta, bakina ba shi da nauyi. Na kashe gargaɗina a kan banza. In Allah ya ba ka iyali, kada ka hana komai da komai. Ka bar musu ƙananan abubuwa su yi yadda suke so, don ranar da ka ce a’a su tsaya su ji.

Kuma ban ƙi motar nan yadda kake zato ba. Sau ɗaya ya fita da ni har wajen Kuru da yamma, bayan ruwa, duwatsu sun wanku, ciyawa ta yi kore. Iska ta ɗauke mini ɗankwali, ya tsaya ya koma da ƙafa ya ɗauko. Na ji daɗi ranar. Da muka dawo ya ce, “Yaya?” Na ce bayana na ciwo. Ban san abin da ya hana ni cewa na ji daɗi ba. Ina ganin na riga na zama mai ƙin mota a idon kowa, sai na ji kunyar sauyawa. In abu ya yi maka daɗi a hannun mutum, ka gaya masa a lokacin.

Game da tsayawar da ta yi maka a tsakar gida, ka saurare ni, ni na zauna a kujerar nan fiye da kai. Birki mai iska yakan kama in ka taka sau biyu ko uku a fili, mota na tafiya kamar mai tallan gyaɗa. Haka ya yi mini a waccan shekarar, shi ya sa na samu bakin cewa ya kama. Gangaren layinmu kaɗai ya tona shi. Kai kuma Hawan Kibo za ka sauka, inda manyan motoci ke gangarawa suna nishi, ga kwana, ga rami a gefe, ƙafarka a kan birki tun daga sama har ƙasa. A can mai zai yi zafi, bututun da ba a ɗaure ba zai yi ta rawa. Ba katangar Oga Emeka ce a ƙasan wannan ba.

Na yi tunanin ɓoye makullin. Har na ɗauke shi na sa cikin tukunyar acca, na kuma fito da shi na mayar kan ƙusa. Kai ba yaro ba ne, kuma motar taka ce, babanka ya sha faɗin haka. Na san dalilin da ya sa kake son tafiya da ita. Na ga yadda kake zama a ciki ba ka tayar ba, ka rufe ƙofa, ƙamshinsa na nan a kujera. Ni ma nakan yi in ba ka nan. Ban ce ka sayar ba. ’Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau da yawa, na kore su. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka hau motar haya ka tafi ka kama aikinka. In ka samu hutun ƙarshen mako ka dawo. Na yi magana da Oga Emeka, ya ce zai kawo bakanikensa su duba duk abin da babanka ya ɗaura, ya kuma ce, “Madam, gaya ma yaro, ni ba ni da wani benci kuma.” Kai ka shiga ƙasa tare da su ka koya, ni in zauna a kujera. Gwiwata na ciwo amma tana iya takawa. Wannan karon ba zan ce komai ba sai abin da ƙafata ta ji.

In kuma ka karanta ka ce duk da haka tsoron tsohuwa ne, to kada ka yarda da ni. Ka ɗauki tocila ka kwanta ta bayan tayar hagu, ka sa hannu ka taɓa. Wannan kaɗai.

Sauran ’yan abubuwa. Akwanga ba Jos ba ce, zafi ne da sauro, na sa maka gidan sauro a ƙasan jaka, kada ka ba wa wani. Ka bar manyan rigunan sanyi a nan. Ka riƙa zuwa ana auna maka jini, ciwon babanka yana bin gida, shi ma babansa haka ya tafi. Ka nemi coci da wuri tun kafin ka saba da barcin Lahadi. Kada ka damu da ni. Barci ne ba na samu sosai, kuma na gaji da amsa gaisuwa, amma ina ci, matan zumunta suna leƙo ni. Na rubuta wannan a zama da yawa, hannuna ya gaji, ka yi haƙuri da inda rubutun ya karkace.

Ubangiji ya yi maka albarka, ya kiyaye ka a hawa da gangara, ya tsare ka daga mugun direba da mugun aboki da gaggawar zuciyarka. Ya ba ka farin jini a wurin manyanka. Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Ka gaida duk wanda ya karɓe ka a can, ka ce uwarka na godiya.

Ni ce mamanka,
Kaneng

Ga yadda babanka ya bar motar, don ka gaya wa bakanike. Bututun baya na hagu yana wurinsa amma da hannu kawai aka murɗa notinsa, ba a sa sifana ba. Ba a kama shi da maƙali ko ɗaya ba, maƙalan suna cikin gwangwanin madara a kan tagar kicin. Ba a cire iska a ko taya ɗaya ba.